Zoben Zuhal da Na Ce Na Gani

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ke da akwatunanki da katifarki. Allah ya tsare ki daga sharrin hanyar garin Fada da gaggawar direbobinta, ya sa ƙauyen da gwamnati ta tura ki koyarwa ya karɓe ki hannu biyu. Innarki na gaishe ki. Ita ce za ta cusa takardar nan cikin ƙullin yajin da za a biyo ki da shi, don ta ce nan za ki fara buɗewa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda jiya kika bar shi. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Kwana huɗu kika yi kina gaishe ni kanki a ƙasa, tun ranar da kika jawo madubin hangen taurarin nan nawa daga ƙarƙashin gado kika ce, "Baba, ka ba ni shi in tafi da shi. Can babu kuran, ba hasken lantarki ko ɗaya, sama za ta fito sosai, ni ma in ga zoben Zuhal da ka gani." Ni kuwa na ce miki, "Mayar da shi inda kika gan shi," da muryar da nake yi wa mai tayin wulaƙanci a kasuwa. Kika ce to, za ki sayi naki da albashin farko. Na san kin tafi kina ganin rowa na yi miki. Ba rowa ba ce, Uwani, kunya ce. Madubin nan matacce ne, ni na kashe shi da hannuna. Zoben Zuhal kuma, wanda na cika miki kunne da shi tun kina rarrafe, ban taɓa ganinsa ba. Ko sau ɗaya.

To, na faɗa. Ki sha ruwa, ki gyara zama, in gaya miki yadda ɗan kasuwa mai ganin kansa da wayo ya yi wa kansa wannan aika-aika. In har za ki saya, gara ki saya da kurakuraina a aljihu.

Abin ya faro ne tun ina lakwal, wato makarantar boko, kafin mahaifina ya cire ni ya sa ni a rumfa. A wani littafi na ga hoton ƙwallo da zobe kewaye da shi, an ce ɗaya ne daga cikin taurarin da ke yawo. Da yamma na je makarantar allo na tambayi malaminmu, wanda ya san sunayen taurari ta hanyar hisabi. Na ce, "Malam, wai Zuhal yana da zobe?" Ya dube ni ya ce, "Wa ya kai masa kayan aure?" Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Littafin Nasara ya ce akwai, malam ya ce babu, kuma abin yana can bisa kanmu kowane dare, kowa na iya ɗaga kai. Me zai hana mutum ya duba da kansa?

Shekaru suka wuce. Lokacin ba a ko sauya wa ƙasar nan suna ba, na samu rumfar atamfa tawa, na auri innarki. Akwai wani dillali Bamoshe a unguwar Peuloghin, sunansa Rasmane, wanda sana'arsa ita ce kwashe kayan Nasarun da suka gama aiki za su koma gida. Wata rana ya tare ni ya ce, "Ɗan Zongo, kai mai tambayar abin da ba ya cika ciki, zo ka ga bindigar taurari." Na bi shi da rana tsaka. A tsakar gidansa, tsakanin wata firji da keken yara, ga abin a tsaye: farin bututu kamar na murhu, madubi a can ƙasan cikinsa, wurin sa ido a gefe kusa da baki. Yana bisa ƙafafu uku na katako, da wani ɗan ƙaramin bututu manne a bayansa, da akwati mai ƙananan gilasai guda uku na sa ido. A jikin kwalin an rubuta wata babbar lamba da jan fenti, wai sau kaza yake ƙara girman abu.

Kin san asalinmu. Kakanninki fataken goro ne, kuma abu na farko da ake koya wa yaro a gidanmu shi ne ya raba kaya da marufinsa. Goro daban, ganye da kwando da igiya daban, kada ka yarda a sa maka kuɗin kwando a kan goro. Da wannan ilmin na shiga ciniki. Na ce wa Rasmane, "Ƙafafun nan katako ne, kafinta na bakin masallaci zai yi mini, cire su." Na ce, "Wannan ɗan bututun na baya ado ne, cire shi." Gilasai uku kuwa, na ce ido ɗaya zan sa, me zan yi da uku? Na zaɓi wanda takarda ta ce ya fi ƙarfi, na tura masa sauran. Rasmane ya riƙe haɓa ya ce, "Ɗan Zongo, ko jaki ka zo saye, haka za ka ce a cire masa ƙafafu a rage maka kuɗi?" Na yi dariya, na ɗauka daɗin bakin dillali ne. Na ɗaure bututuna a bayan mobilet, ɗan babur ɗina, na taho gida ina jin na yi cinikin shekara.

Uwani, a wannan kaya babu kwando. Ƙafafun rabin abin ne, wataƙila ma sun fi rabi. Abin da ke ƙara girman tauraro yana ƙara girman rawar hannunki daidai da haka. Idan kin je saye, ki sa ido a ciki, ki ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa. In hoton ya yi rawa ya tsaya nan da nan, to. In kin ja numfashi uku yana ta kaɗawa, ki yi sallama ki fita, ko da mai kanti zai bi ki har titi. Gara ƙaramin madubi bisa ƙafafu masu kauri da ƙato bisa ƙafafun sauro.

Jar lambar nan ta jikin kwali kuwa, don irina ake rubuta ta. Ba ita ake saye ba. Abin da ake saye shi ne faɗin baki, wato faɗin gilashin gaba ko madubin ciki, don shi ke tara haske. In ana ruwan sama kika ajiye kwalba da baho a tsakar gida, kin san wanda zai tara miki na wanka. Ƙarin girma kuma kamar jan yadi ne. Sau nawa kika ga mace a rumfata tana jan yadi biyu tana so ya zama uku? Ba ya ƙaruwa, zaren ne kawai ke buɗewa har ki hango hannunki ta ciki. Haka haske yake: ɗan abin da bakin ya tara, in kika ja shi fiye da ƙarfinsa, sai ya zama dishi-dishi. Saboda haka ki tambayi faɗin baki. In mai kanti ya amsa miki da jar lamba, ko dai bai san kayansa ba, ko ya san su sarai yana fatan ke ba ki sani ba.

Mu koma ga wautata. Kafinta ya ce sai sati mai zuwa, ni kuwa ba ni da haƙurin sati. Bayan sallar isha na kifa turmin innarki a tsakar gida, na naɗe zani na ɗora bututun a kai. Sai ga wani abin mamaki da har yau yake burge ni: tauraro ba ya tsayawa. Da ƙyar zan kamo ɗaya, kafin in gyara tsugunno ya sulale ya fita ta gefe. Na ɗauka turmin ne ke zamewa. Ashe ƙasar ce kanta ke juyawa da mu, da turmin, da Zongo gaba ɗaya. An gaya mana haka a lakwal, amma ji daban ne da ka ga abin yana gudu a idonka.

Can na kamo wani mai haske. Akwai ɗan maɓalli da ake murzawa a gefen wurin sa ido. Na murza, tauraron ya ƙanƙance. Na ce a'a, ban ba da kuɗina don a rage mini kaya ba. Na murza baya, ya fara kumbura, na ci gaba, ya ƙara kumbura, sai ga shi ya zama zobe, da'ira mai haske da baƙin rami a tsakiya. Uwani, na rantse miki a wannan lokacin ba ƙarya na yi ba. Na yi kabbara har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Innarki ta fito da ludayi a hannu, ta sa ido ta ce, "Wannan ai ƙuli-ƙuli ne mai zobe." Na ce, "Ke dai komai abinci ne. Zuhal ke nan!" Washegari kafin azahar duk layin 'yan atamfa sun ji, kafin Juma'a an raɗa mini Mai Zuhal.

Abin da na gani ba kowa ba ne illa tauraro na banza da na ɓata wa saiti, baƙin ramin kuma inuwar wani ƙaramin madubi ce da ke cikin bututun. Ki riƙe wannan: in kina saita tauraro, ki murza har ya zama mafi ƙanƙanta, kamar kan allura. Nan ne daidai. A wannan harka abu na gaskiya ƙarami ne mai kaifi. Duk abin da ya zo miki ƙato, da sauƙi, a daren farko, ki tuhume shi. Kuma kada ki kai labari majalisa sai kin sake gani dare uku.

Sai watan azumi ya zo ƙarshe. Ranar ashirin da tara Ladan Garba, wanda kika sani da tsufansa, lokacin yana da ƙarfinsa da bakinsa, ya aiko: "A gaya wa Mai Zuhal ya fito da bindigarsa. Wanda ya ga zobe a sama ta bakwai, jinjirin wata ba zai gagare shi ba." Na sa babbar riga. Kafinta ya riga ya haɗa mini wasu ƙafafu da suka fi kama da na teburin mai shayi. Muka fita fili inda yamma take a buɗe, jama'a ta kewaye ni, har ana korar mutane kada su taɓa.

Rana ta faɗi, na sa ido. Da gilashin nan mai ƙarfi, abin da nake gani na sama bai fi abin da za ki gani ta ramin kara ba. Ɗan bututun da na ce ado ne, ashe shi ne manemi: da shi ake fara auna wuri, kamar yadda maharbi ke aunawa, sannan a koma babban. Ba shi, sai lalube. Na yi dama, na yi hagu, ja-ja kawai nake gani. Ga shi kuma wurin sa idon a gefe yake, saboda haka kowa na fuskantar yamma, ni kaɗai na sunkuya ina fuskantar kudu.

Sai wata tsohuwa mai fura, Iya Dije, da ta ajiye ƙwaryarta a gefe tana jiran a watse ta yi ciniki, ta ɗaga muciya ta ce, "Ga shi can, bisa mangwaron gidan tela." Aka juya, aka gani, aka ɗau kabbara. Ta matso kusa da ni ta ce, "Ɗana, me ka yar a cikin bututun ne? In wata kake nema, yau a sama ya fito." Ladan Garba ya ce, "Ku bar shi, ya wuce wata, yana can wajen Zuhal suna gaisawa." Sallar nan ban ci naman kirki ba.

Don haka kada ki yarda a ba ki madubi babu manemi, kuma ki saita su biyun da rana a kan wani abu mai nisa, kamar kan bishiya, har su nuna wuri ɗaya. Za ki ga bishiyar ƙafa a sama. Kada ki koma ki yi faɗa da mai kanti, haka yawancinsu suke, kuma a sama babu wanda ya damu da ina ne kai ina ne ƙafa. Gilasan sa ido ki karɓa duka, ki fara kullum da mafi rauni, mai nuna fili da faɗi. Shi ne za ki fi amfani da shi. Ni da zan sake rayuwa ma, da jumel zan fara, irin madubin hangen nan mai ido biyu da ake ratayawa a wuya. Ki samu ɗaya, ki yi wata uku kina kwance a tabarma da shi, ki san Kaza da 'Ya'yanta, ki san Zara, ki gane waɗanda ke ƙyaftawa da waɗanda haskensu ke tsaye cik, don masu yawon suna cikin na biyun. Iya Dije ta fi ni ne don shekara da shekaru tana kallon wuri ɗaya ta san inda abin ke fitowa. Sannan ko an roƙe ki, kada ki zama alƙaliyar ganin wata a garin mutane. Akwai masu wannan aikin. Ki tsaya a baya ki yi kabbara tare da kowa.

Bayan wannan kunyar na ce bari in koma wa Zuhal ɗina in huce. Na auna wani tauraro dabam bisa kuskure, na murza, sai ga zobe. Na auna wani, zobe. Fitilar bakin titi da ke can nesa ma, da na murza mata, ta ba ni zobe. Nan na gane ba Zuhal na gani ba. Amma maimakon in ce ni ne ban iya ba, sai na ce madubin ne ya yi datti. Na kwance shi daga gindin bututun. Na ga yadda innarki ke goge tasoshinta na jere da toka da lemun tsami har su riƙa ɗaukar ido, na ce abin da ya gyara tasa zai gyara madubi. Na zauna na dirje shi da kyau, da ƙarfin mai neman lada. Da na ɗauraye, sai na ga hannuna ta cikinsa. Ashe hasken ba a bayan gilashin yake ba kamar madubin ɗaki, wani ɗan shafe ne a fuskarsa, wanda bai kai kaurin fatar albasa ba. Na wanke shi ya bi ruwa. Abin da kika jawo daga ƙarƙashin gado ke nan, bututun murhu da gilashin banza a gindi.

Ƙura kaɗan ba ta hana gani, ki bar ta. Ki rufe bakinsa in kin gama, kada yatsa ya taɓa, kada bakin zani ya taɓa. Kuma tunda maganar ta zo, iri biyu za ki tarar. Akwai mai madubi a gindi irin nawa: ya fi ba da faɗin baki a kuɗi kaɗan, amma bakinsa a buɗe yake, kuma in ya sha girgiza sai an sake daidaita madubansa. Akwai mai gilashi a gaba, wanda ake leƙawa ta baya: a rufe yake, ba ya son gyare-gyare. Ke da za ki riƙa hawa motar kasuwa a kan jar hanya duk hutu, ni a ganina na biyun ya fi miki, mai matsakaicin baki. Ki ɗaga shi da ƙafafunsa a cikin kantin. In ba za ki iya fitar da shi tsakar gida ke kaɗai ba, sau biyu za ki yi amfani da shi, sannan ya zama wurin rataye gyale. Kuma kada ki aiki kawunki ya sayo miki a hanyar sarinsa. Jininmu ɗaya da shi, zai cire ƙafafun.

Yanzu ga wanda ya fi mini ciwo. Waɗancan jahilci ne, wannan kuwa da sanina na yi.

Na ɓoye bututun, na ce wa mutane na kai shi gyara. Sunan dai ya zauna. Ana nan, wata mata da ke sayen atamfa a wurina ta zo da mijinta, wani tsohon malamin lise, wato sakandare, mai suna Mushe Pol, Malam Pol ke nan a Faransanci, mazaunin unguwar Wemtenga. Ya ji maƙwabcin rumfa ya kira ni Mai Zuhal, ya tambayi dalili, aka ba shi labari da gishiri. Fuskarsa ta washe. Ya ce shi ma yana da ɗan nasa, kuma a watannin nan Zuhal na fitowa da wuri, in zo mu kalla tare. Da ina da hankali da ni kaɗai na tafi. Amma ina son a ga Mai Zuhal yana hulɗa da manyan malamai, sai na ɗauki Ladan Garba a bayan mobilet.

Na Mushe Pol bai kai nawa tsawo ba, fentinsa duk ya kankare, amma ƙafafunsa kamar taɓare. Ya fitar da shi tun kafin magariba, ya ce sai ya huce ya yi daidai da iskar waje. Ya kafa shi nesa da rufin kwano, ya ce zafin da kwano ke fitarwa bayan faɗuwar rana yana sa hoto ya riƙa malala kamar ana kallon ƙasan rafi. Ya ce wata ya fi kyau in yana rabi, don a lokacin ne inuwa ke fito da ramukansa da duwatsunsa, cikakken wata kuwa farin faranti ne kawai. Ya ce rana kuma ko da wasa, ko na ƙiftawa ɗaya, kada a auna ta, ido ne zai tafi ba dawowa. Wannan ki rubuta shi a allon ajinki, kuma kada ki bar madubin a waje da rana inda 'yan makaranta za su kai gare shi. Duk shawarar da kika ga na zuba miki a takardar nan kamar wani masani, a yammacin nan na sace ta. Ina gyaɗa kai ina cewa "haka ne, haka ne," kunnena kuwa na kwasa kamar mai tsintar gero.

Muka yi magariba a gefen gidansa, sama ta yi duhu. Ya leƙa manemi, ya ɗan taɓa, ya leƙa babban, ya ja da baya ya ce, "Ga shi. Mai Zuhal, kai ne babba, bismilla."

Taku ɗaya ne tsakanina da shi. Abin da nake tambaya tun ina ɗan lakwal yana nan cikin gilashi, an saita, an riƙe mini. Sai na tuna Ladan na tsaye a bayana. Na san fuskata. Na iya ɓoye farashi, na iya ɓoye fushi, amma ban iya ɓoye mamaki ba. In na leƙa, zai gane yau na fara gani. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Mushe, ni ai na ƙoshi da shi. A bar baƙo ya gani."

Ladan ya sunkuya. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya manne wa gilashin har na ƙosa. Can ya ce, "Subhanallahi." Ya ɗago, ya sake komawa. Ya ce, "Ashe ɗan mitsitsi ne. Ashe ƙwallo ne a tsakiya, zoben a karkace, har da ɗan duhu tsakaninsu. Kai Hamidu, ba ka taɓa gaya mana ƙwallon ba." Na ce, "Wannan ai kowa ya sani." Mushe Pol ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya ce matarsa ta kawo mana ruwa.

Na yi niyyar komawa ni kaɗai. Na ce sai an kwana biyu kada ya zargi wani abu. Sai damina ta shigo, sai tafiya, sai aka haife ki. Ranar da na je, wasu mutane ne a gidan, suka ce ya tattara ya koma garinsu. Duk labarin da na ba ki a kan tabarma, launinsa kamar man shanu, karkacewar zoben, ɗan duhun nan, da idon Ladan Garba na ba ki shi. Kina ta tambaya, ni kuma ina jin daɗin yadda kike kallona, kowace shekara gyaran maganar na ƙara tsada.

A kasuwa, nuna ba ka sani ba asara ce, shi ya sa muke tafe da fuskar sani. Ki bar wannan fuskar a Zongo, ba ta da amfani a ƙarƙashin sama. In kin ji akwai mai madubi a Fada ko a ina, ki je ki ce, "Ban taɓa gani ba, nuna mini," ki leƙa nasa kafin ki sayi naki. In 'yan ajinki suka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce mu duba tare. Kuma kafin ki fara fitar da bututu tsakar gida bayan isha, ke baƙuwa, mace, ki je ki gaida matan gari ki kira su su fara leƙa wata. In sun ga ramukansa da idonsu, su za su kare ki daga masu surutu.

Ga roƙona, in fushinki ya bar wuri. Idan kin zaɓa, kin kafa, kin same shi, ki rubuto mini abin da idonki ya gani, ba abin da littafi ya ce ba, ba kuma abin da na ce ba. Ina da tambayoyi da suka daɗe. Shin zoben yana taɓa ƙwallon ta wani gefe, ko a sake yake ko'ina? Me ya riƙe shi? Mushe Pol ya ce karkacewar tana sauyawa da shekaru, har wani lokaci ya zama kamar zare. In haka ne, a wane hali yake bana? In kin nema ba ki samu ba, ki rubuto ki ce ba ki samu ba, wannan ma amsa ce da ta fi tawa.

In hutu ya zo kuma, ki naɗe shi cikin bargo ki taho da shi. Ki kafa shi a tsakar gidan nan, ki aika a kira Ladan Garba ya zo da sandarsa, da duk wanda ya taɓa kira na da wancan suna. Sai ki ce, "Baba, zo ka gani." Zan zo, kuma duk abin da fuskata ta ga dama ta yi a gabansu, ta yi.

Allah ya yi miki albarka, Uwani. Ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya, ya haɗa ki da maƙwabta na gari, ya kare miki lafiyarki da idanunki, ya dawo mana da ke lafiya. Ki yafe wa tsohonki. Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Hamidu